Ni Na Taya Ta Haddar Yaren Finland, Ni Na Hana Ta Tafiya

Lokacin da abin da zan ba ku labarinsa ya faru, ni tsohuwa ce mai takaba a wani ciki da falo da muke haya a Nuzla, nan kudancin Jidda. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, saboda haka wannan rubutu ba hannuna ba ne. Maƙwabciyata ce 'yar Damagaram take rubutawa ina faɗa mata, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni. Ina yi wa masu wannan mujalla da masu karanta ta sallama, ina kuma roƙon a yi haƙuri da ni in an ga ina kai da komo a zancena. Haka zuciyar take tun da abin nan ya auku, ba ta zama wuri ɗaya.

Daga wani ƙauye na ƙasar Gumel maigidana ya taho da ni aikin Hajji ina amarya, muka sauke farali muka zauna. Shi tela ne, yana ɗinka jallabiya a shagon kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a kan takardun zama, ni kuma ina daka yaji ina toya ƙosai ana kai wa masu shaguna 'yan uwanmu. Na haihu sau biyar, Allah ya bar mana ta farin kaɗai. Duk wadda ta tashi a irin garinmu ta san yadda uwa take da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Ban goya ta a gaban mutane ba, ban yaba mata a kan idonta ba, in ta yi abin kirki sai in kau da kai in sa ta wani aikin. Haka uwata ta yi mini, haka na ga ana yi, kuma ban ɗauka akwai laifi a ciki ba. Babanta ne mai wasa da ita, shi ne mai sayo mata alawa, shi take gaya wa damuwarta. Ta tashi a Jidda, Larabci ya fi Hausa saurin zuwa bakinta, tana ce mini Ummi, tana yi wa Larabcina dariya, wai shekara talatin ina cin burodin ƙasar amma har yau in na yi ciniki mai baƙala, wato kantin kayan masarufi, sai ya nemi tafinta. Da ta girma ta koyi jinyar tsofaffi, tana zuwa gidajen Larabawa tana yi musu wanka, tana juya waɗanda ba sa iya juyawa, tana ba su magani. Ta taɓa aure bai daɗe ba, ta dawo gida babu ɗa.

Maigida bai yi doguwar jinya ba. Aka ɗauke shi aka kai maƙabarta, mu mata ba mu bi ba, kuma nan ba a sa wa kabari alama, har yau ban san wanne ne nasa ba. Iƙamarmu ni da yarinyar, wato takardar izinin zama, duk a jikin tasa take rataye. Kafilinsa ya zo gaisuwa, mutumin kirki ne, ya zauna a bakin ƙofa ya faɗa mana gaskiya: abin da ya rage wa takardunmu bai kai shekara ba, in ya ƙare kuma ba shi da yadda zai yi. A cikin kwanakin nan ne yarinyar ta ce mini wata abokiyar aikinta 'yar Kenya ta haɗa ta da wani kamfani mai ɗaukar masu jinyar tsofaffi zuwa wata ƙasa wai ita Finland, can ƙarshen ƙasashen Turawa. Sharaɗinsu shi ne mutum ya koyi yarensu ya ci jarrabawa, kuma dole a gama komai tun iƙamarta tana da rai. Ban ma riƙe sunan ƙasar ba a ranar. Na ce ta yi duk abin da ta ga dama, don na ɗauka irin zantukan nan ne da ake yi a Nuzla kullum, a yi ta buri wata biyu sannan a manta.

Mai takaba ba ta fita. Wata huɗu da kwana goma ina zaune a kan tabarma ɗaya da carbi a hannu, ita kuma in ta dawo aiki bayan la'asar sai ta jingina waya da kwanon sha, wata malama ta fito a ciki tana koya musu. Allah bai ba ni karatu ba amma ya ba ni kunne. Surorin da nake salla da su a bakin maigida na ɗauke su, kuma abin da ya shiga kaina sau biyu ba ya fita. Ban yi niyyar koyon komai ba, kalmomin ne suke faɗowa cikin kunnena kamar yayyafi. Wata rana ta tsaya tana ta dukan goshinta tana neman yadda suke kiran hannu, sai na ji bakina ya ce kasi. Ta juyo ta dube ni, sannan ta tuntsire da dariya, dariyar farko da aka yi a ɗakin tun rasuwar. Ta ce wallahi ni za ta sa wa abayarta in je in zauna mata jarrabawar. Na ce ta rufe mini baki, ina takaba. Amma daga ranar ni na zama mai yi mata tambaya: in faɗi kalma da Hausa ta mayar da yarensu, in ta yi kuskure in gyara mata. Yadda nake furta su haka mai rubutun nan take sa su, wanda ya san yaren ya yafe mana.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne malamar ta ce kada su tsaya ga ma'anar fili, kowace kalma tana da wata ma'anar a ƙarƙashinta, kuma tsofaffi da ta ƙarƙashin suka fi magana. A nan na fi ta, don ni Hausa ce a cikina. Akwai raskas, wato nauyi irin na buhu, amma suna faɗar ta ga yinin da ya gajiyar da mutum ko labarin da ya danne masa ƙirji. Na ce ai wannan tamu ce, sata suka yi. Akwai kyulma, sanyi, wadda in suka jingina ta ga mutum suna nufin marar tausayi ne, wanda ba ya sakin fuska. A kan wannan mun yi musu har shayi ya huce. Na ce mu in an ce mutum yana da sanyin hali ai yabo ne, in an ce ranka ya yi sanyi ai ka samu abin da kake so, duk mutanen da suke zagi da sanyi ba su taɓa tsayawa a titin Nuzla da azahar ba. Ta ce to su da ɗumi suke yabo, kowa abin da ya rasa yake kira alheri. Akwai kuma wata da na lura kullum tana tsallake ta in mun zo wurin. Na matsa mata, sai ta sunkuyar da kai ta ce nukkuwa fois, a fili yana nufin mutum ya yi barci ya wuce, kuma da ita ake gaya wa dangi tsohonsu ya rasu. Mu biyu muka dubi inda keken ɗinkinsa na gida yake. Can na ce ashe mutanen nan suna da kunya, sun san ba a faɗar mutuwa gatsau.

Da karatun ya yi nisa aka ce su riƙa gwada aikin da baki. Sai ta ce in kwanta in zama tsohuwar Finland. Na yi ta mita, na ce ni ba gurguwa ba ce, ta ce yalla Ummi, taimako ne. Takan durƙusa kusa da ni ta kama hannuna, ta tambaye ni da yaren inda yake mini ciwo, ta tallafi ƙeyata ta ba ni ruwa, ta matsa mini ƙafafu, ta gyara mini matashi, tana magana a hankali da wata murya da ban san tana da ita ba. Ni kuma in amsa mata da kalmomin da na haddace, in ce kitos, wato na gode, abin da ban taɓa ce mata da Hausa ba tun da na haife ta. Yau zan faɗi abin da ban faɗa ba a lokacin: tun daga sallar azahar nake fara sauraron takunta a matakala. Shekara talatin da wani abu 'yata ba ta taɓa riƙe hannuna haka ba, ni ma ban taɓa ba ta hannun ba, sai da muka ɓuya a bayan yaren wasu mutane.

Ina da wata ƙawa, Bahaushiyar Sudan ce da ke zaune a unguwar Kurayyat nan Jidda, ta girme ni, bakinta kuma ba ya da linzami. Takan zo taya ni zaman takaba da ɗan butar gahawarta. Ranar da ta same ni ina bitar kalmomin ni kaɗai ta tsaya a ƙofa ta yi a'uziyya, ta tambaya ko aljanun marigayi ne suka gaje ni. Da na yi mata bayani sai dariyarta ta ɗauke. Ta ce lallai ban da wayo, da bakina nake gina wa 'yata matakalar jirgi. Ta ce ƙasar da aka ce rana ba ta faɗuwa, da yaushe za ta sha ruwa in azumi ya zo? Ta ce mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su mutu kusa da Harami, ni kuma ina tura tawa inda ake kiwon alade. Duk waɗannan ba su dame ni sosai ba, don yarinyar ta riga ta gaya mini akwai Musulmi a can da masallatansu, kuma malamai sun yi bayanin yadda ake azumin. Amma da ta tashi tafiya tana gyara mayafi sai ta ce hannuwan nan da suke matsa mini ƙafa, uwayen wasu za su je su yi wa wanka, ni kuma ranar da na kasa juyawa sai dai bango ya juya ni.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. In zauna in tashi, in leƙa taga in dawo, in ɗora tukunya in manta ban kunna wuta ba. In ta kama hannuna da la'asar sai in riƙa ganin wata farar tsohuwa a kwance a wurina. Sau da yawa na buɗe baki zan ce mata tsoro nake ji, ban san yadda zan kwana in tashi a ɗakin nan ba babu shi babu ita. Sai in fasa. Ta yaya mace za ta dubi 'yar farinta ta ce ba zan iya rayuwa ba ke ba? Bakina bai taɓa koyon wannan ba. Ya koyi yaren Finland a wata huɗu, amma wannan ya gagare shi. Sai na ci gaba da yi mata tambaya ina gyara mata kuskure, ina fatan ta ci, ina kuma fatan ta faɗi.

Na fita takaba ba da daɗewa ba sakamako ya fito. Ta shigo gab da magariba da kwalin basbusa, wani kek ɗin Larabawa mai zaƙi, ta durƙusa a gabana fuskarta kamar an kunna fitila, ta ce ta ci, har malamar tana tambayar wanda yake yi mata bita a gida. Ta fara bayanin yadda ta tsara: za ta tafi, za ta riƙa aiko mini, ta yi magana da wasu a kan wurin da zan zauna kafin ta san abin da za ta yi a kaina. Ban bar ta ta kai ƙarshe ba. Na kwaso maganganun ƙawata ɗaya bayan ɗaya na zuba mata, rana da azumi da alade da Harami. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana amsawa cikin ladabi, har suka ƙare. A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Maimakon haka na miƙe tsaye na ce in ta sa ƙafarta a jirgin nan ban yafe mata nonon da ta sha ba, duniya da lahira. Ta dube ni. Sannan ta ce to, halas, shi ke nan, ta ji. Ta ɗauki kwalin ta kai wa maƙwabta. Washegari ta aika wa kamfanin cewa ta fasa.

Na samu abin da nake so, ga ta a ɗaki, amma ɗakin ya zama wani iri. Ba ta yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya. Tana dafa abinci, tana wanke mini kaya, tana gaishe ni safe da yamma. Yaren ne dai ba ta sake furtawa ba. In na jefa mata kalma don in ja ta da wasa sai ta ce mini da Larabci shayi ya yi, in zo in sha. Hannuna kuma ba ta sake kamawa ba, don babu dalili. Watanni suka shuɗe iƙama ta mutu kamar yadda kafili ya faɗa. Ta koma fita aiki a ɓoye, tana canja hanya, ni kuma ina tsaye a taga daga fitarta har dawowarta. Wata safiya tana cikin motar haya za ta gidan wata tsohuwa a unguwar Waziriyya aka tsayar da su ana duba takardu. Ba na ɗora wa kowa laifi, aikinsu suka yi, kuma mun san ranar tana zuwa. Ta kira ni daga inda ake tsare su, muryarta a daidai, ta ce in haɗa mata kayanta a jaka ɗaya in ba wani mai takarda ya kai mata, kada in kuskura in zo da kaina don ni ma za a riƙe ni. Haka aka yi. Ban ga fuskarta ba. Na ninke kayan 'yata ina shanshana su kamar mahaukaciya, aka ɗauka aka tafi.

Aka sauke ta a Kano, ƙasar da fasfonta ya ce tata ce amma ba ta taɓa taka ta ba. Ƙanin babanta ya zo ya ɗauke ta zuwa garinmu. Mutanen kirki ne, sun karɓe ta, amma yara suna bin ta suna kwaikwayon Hausarta, mata suna ce mata Balarabiyar ƙarya, zazzaɓin sauro ya kwantar da ita har sau uku a daminar farko. Ta nemi kamfanin nan daga can, suka ce sun rufe ɗaukar mutane, kuma takardar jarrabawarta ta tsufa, sai ta sake daga farko. Da wace wutar, da wace wayar, a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun magana? Yanzu tana taya wani mai kantin magani aiki. Wadda na hana zuwa inda ake jiran ta da aiki da takarda, ga ta inda ba ta san kowa ba, ni kuma ga ni a Nuzla ni kaɗai, abin da na ji tsoron dai shi ne ya same ni, sai dai na haɗa da ita a ciki.

Kalmomin ba su bar ni ba. Ina tsakiyar salla sai in ji raskas tana yawo a kaina, in yi istigfari in sake niyya. Ina daka yaji taɓarya tana faɗar su. Ƙawata ta Kurayyat ta zo ta yi kuka ta ce ba haka ta nufa ba, na ce ta share hawayenta, ita magana ta yi, ni ce na yi rantsuwar.

Kwanakin baya na kasa daurewa. Na sa aka kira mini ita, da ta ɗauka na kira sunanta, sunan da aka raɗa mata, karo na farko a rayuwata. Na ce na janye abin da na faɗa, na yafe mata, ita ma ta yafe mini. Na gaya mata ba rana ba ce, ba alade ba ne, ba Harami ba ne, tsoro ne kawai na tsohuwar da mijinta ya mutu. Ta ce ta sani tun a ranar. Ta ce da na faɗa mata haka da mun zauna mun yi kuka mun nemi dabara tare, ko ta roƙi a ɗaga mata tafiyar, ko ta san inda za ta ajiye ni, amma maganar nono ba ta bar wurin da za a zauna a yi shawara ba. Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tambaye ta ko tana tuna karatunmu, ta ce yawanci ya zube. Na tambaye ta ko in miƙa kaina ga hukuma a kawo ni gida in same ta, don na san in na fita ƙasar nan ba ni ba dawowa. Ta ce duk yadda na gani.

Abin da na koya, na koye shi a makare, shi ya sa nake so ya isa kunnen wasu da wuri. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba, amma akwai ranar da ɗanka yake bukatar ya ji abin da ke ranka da bakinka, in ka rufe shi a ranar zai fito ta wata hanyar da ba ka so. Ku 'yan uwana mata, musamman mu da muka tsufa a ƙasar mutane da 'ya'yan da takardunsu suke rataye a jikin na wani, kada ku ɗauki Allah ya isa da maganar nono ku tare wa ɗa hanya alhali abin da ke cikinku tsoro ne. Ɗa mai biyayya zai bi, kuma biyayyar tasa ce za ta hana ku barci. Ku faɗi tsoron da sunansa, ko da muryarku za ta yi rawa. Kada kuma ku bari mai zuwa gaisuwa ya yanke muku abin da ku za ku zauna da shi bayan ya koma gidansa.

Ni dai na fara rabar da tukwanena, turmin ma na yi wa mai rubutun nan alkawarinsa. Zan bar mijina a ƙasar da ya so a binne shi, in tafi wurin wadda ba ta ce in zo ba, ba ta kuma ce kada in zo ba. Wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, Allah ya sa in na isa ƙofar gidan ta fito da kanta ta karɓi jakata.